Sharhi kan Detroit: Become Human, inda zaɓi yake da nauyi da inda yake holoƙo

Shawarar farko da wannan gem yake ɗora maka a kan kifi ce. Connor ya fito daga lifta a hawa na 70, gida a hargitse, tankin kifi ya tsage, ga wani ɗan kifi yana mutsu-mutsu a ƙasa. Kana iya tsugunawa ka mayar da shi cikin ruwa, kana iya tsallake shi ka wuce, don a can baranda ana riƙe da yarinya da bindiga. Babu wanda ya ce ka taɓa kifin. Idan ka cece shi, wata 'yar kibiya za ta ɗaga a kusurwar allo ba tare da wani bayani ba, sai bayan sa'o'i ka gane abin da take ƙirgawa.

Kamfanin Quantic Dream na birnin Faris ne ya yi gem ɗin, David Cage ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni. Ya fito a PlayStation 4 ranar 25 ga Mayu 2018, ya zo kwamfuta a Disamba 2019 ta kantin Epic, sannan Steam a Yuni 2020. Labarin yana faruwa a birnin Detroit na Amurka a shekarar 2038, lokacin da kamfanin CyberLife ya cika gari da mutum-mutumi masu kama da ɗan Adam sak: su ne 'yan aikin gida, su ne leburori, su ne masu jinya. Wasu daga cikinsu sun fara bijire wa umarni, ana kiransu kangararru. Kai kuma uku kake juyawa. Connor an ƙera shi don farautar kangararru tare da 'yan sanda. Kara 'yar aikin gida ce da ta gudu da wata yarinya, Alice. Markus mai jinyar wani tsohon mai zane ne, wanda ƙaddara ta kai shi jagorancin tawaye. Babi 32 ne, zagaye ɗaya yana cin awa goma zuwa sha biyu.

Wannan sharhi zai fasa ƙwai a wurare da yawa, don ba a iya auna nauyin zaɓi sai an faɗi abin da ya haifa. Wanda bai buga ba kuma yake son ya shiga da idonsa a rufe, ya tsallaka zuwa sashen ƙarshe kan na'ura da saiti.

Yadda aka ɗaura injin

Ƙa'ida ɗaya ce take riƙe da komai: babu allon da zai ce maka ka faɗi, sake gwadawa. Idan ka yi kuskure labari ya ci gaba da kuskuren a cikinsa. Idan jarumi ya mutu, in ban da Connor, ya mutu, babukansa da suka rage sun tafi da shi. Wannan kaɗai yana canza yadda ake riƙe hannun gem. Mutumin da ya san za a mayar da shi baya yana gwada abu ne don ya ga me zai faru. Wanda ya san babu komawa yana tsayawa ya yi tunani, ko da daƙiƙa huɗu aka ba shi.

Babin farko shi ne mafi tsabtar misali, kuma ana samunsa kyauta a matsayin ɗanɗano. Connor yana shiga da ƙiyasin nasara kashi 48 cikin ɗari a rubuce a allo. Duk abin da ka bincika yana ɗaga lambar, duk lokacin da ka ɓata yana rage ta. A ɗakin yarinyar akwai bidiyo da ke nuna sunan mutum-mutumin da ya kama ta, Daniel, da yadda suka shaƙu. A falo, kusa da gawar uban, akwai na'urar da ke nuna an riga an yi odar sabon samfuri da zai maye gurbinsa. A ƙarƙashin tebur akwai bindigar ɗan sandan da aka kashe, kuma doka ta hana mutum-mutumi riƙe makami. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buɗe wata magana da za ka iya faɗa a baranda. Wadda ba ka buɗe ba kana ganinta da alamar kwaɗo a kai, ka san akwai abin da ka bari a baya.

A barandar kuma abubuwa suna cin karo da juna. Ga ɗan sanda kwance yana zubar da jini, Daniel ya ce in ka taɓa shi zai harbe ka. Ya tambaye ka ko kana da makami, ka yi ƙarya ko ka faɗi gaskiya. Ƙarshe shida ne. Wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne mafi kyau, wato ka lallashe shi har ya saki yarinyar, shi ne mafi ɗaci: ka yi masa alkawarin ba abin da zai same shi, yana sakin ta maharba suka buɗe masa wuta, ya dube ka ya ce ka yi masa ƙarya. Ka ci nasara, kuma da bakinka ka yi yaudarar. Ɗan sandan nan kuwa, idan ka ɗaure masa hannu da nektayinka, zai sake ɓullowa can tsakiyar labari ya tsayar da kai ya yi godiya, bayan ka manta da shi.

Aikin gida da abin da yake sayowa

Mutane suna ƙorafi kan farkon labarin Kara, kuma ana iya fahimtar dalili. Ana ba ka wanke-wanke, kwashe shara, shanya, gyaran gado. Minti ashirin kana aikin da ba wanda ya sayi gem don ya yi. Amma a nan ne aka binne kusan duk abin da babi na gaba zai buƙata. Idan ka buɗe durowar gefen gadon Todd, mai gidan, za ka ga bindiga. Idan ka buɗe tagar ɗakin Alice don iska ta shiga, Kara za ta lura ana iya fita ta nan. Da dare, lokacin da Todd ya bugu da ƙwaya ya hau sama da bel a hannu, abin da ka gani da rana shi ne kawai makaminka.

Kafin ma a kai nan akwai wani abu da ya fi wannan. Todd ya ce wa Kara kada ta motsa. Umarnin yana bayyana a matsayin jan bango a gabanta, sai ka yi ta danna maɓallai kana turawa kafin ya rushe. Kana iya ƙin yin komai. Gem ɗin ba zai tilasta ka ba, ba zai tuna maka sau goma ba. Idan ka tsaya, yarinyar ta mutu, Kara ta tafi, kashi ɗaya cikin uku na labarin ya rufe tun awa biyu ba su cika ba. Kamfanin ya kashe kuɗi ya ɗauki duk waɗannan babuka, kuma ya yarda wani ya rasa su baki ɗaya. Wannan ƙarfin hali ne da ya cancanci yabo.

Daren farko a waje ya nuna wani nau'in zaɓi, wanda babu mutuwa a cikinsa amma yana cizo. Ruwa ake yi, Alice tana rawar sanyi, wuraren kwana uku ne: otal mai dala 40, tsohuwar mota a fili, ko kangon gida inda wani mutum-mutumi mai taɓin hankali, Ralph, yake zaune da wuƙa. Otal shi ne mafi ɗumi, amma Kara ba ta da ko sisi kuma kayan jikinta suna tona ta, don haka sai ka saci tufafi a wurin wanki, ka kuma samo kuɗi a kanti ta hanyar da ba ta halal ba. Alice tana kallo. Za ta ce maka sata ba kyau, kuma matsayinka a wurinta zai sauka. Mota ba ta buƙatar ka cuci kowa, amma yarinya za ta kwana a cikin sanyi. Kowace hanya akwai abin da za ka biya, kuma wanda zai ga ka biya yana tsaye a gefenka riƙe da hannunka. A ganina wannan shi ne sirrin duk wuraren da gem ɗin ya yi nasara: akwai wani takamaiman mutum da ka daɗe tare da shi, wanda zai dube ka bayan ka zaɓa.

Connor da Hank

Nan ne gem ɗin ya fi ƙarfi, da tazara mai yawa. Laftanar Hank Anderson, wanda Clancy Brown ya yi, dattijon ɗan sanda ne mashayi da ya tsani mutum-mutumi, an haɗa shi aiki da Connor, wanda Bryan Dechart ya yi. Dangantakarsu tana da matakai, daga gaba zuwa abota, kuma ba babbar shawara ɗaya ce take motsa ta ba. Tarin ƙananan abubuwa ne. A mashaya ka saya masa wani kofi ko ka zubar da na gabansa. A ofis, kafin ya iso, ka duba teburinsa: gashin kare a kujera, hular ƙungiyar ƙwallon kwando, irin kiɗan da yake ji. Kowanne yana ba ka abin hira, kuma ba kowace hira ce take yi masa daɗi ba.

Sai babin gidan tattabaru. Kana bin wani kangararre a kan rufin gidaje, ya ture Hank, Hank yana lilo a bakin gini. Allo ya tsaya ya nuna maka ƙiyasi: kashi 89 cikin ɗari zai tsira da kansa. Lissafi ya ce ka bi wanda kake bi. Idan ka bi lissafi, Hank zai hau da kansa, ya zo ya kwaɗa maka mari. Idan ka juya ka ɗago shi, wanda ake nema ya tsere. Abin da ya sa wannan ya yi aiki shi ne lambar ba ƙarya take ba. Gem ɗin ya gaya maka gaskiya cewa mutumin zai rayu, sannan ya bar ka ka yanke ko kashi 11 ɗin nan sun dame ka.

Tausayi kuma yana da farashi na gaske, abin da gem da yawa suke tsoron yi. Duk kangararren da ka bari ya tsere, shaida ce ka rasa. Kusa da ƙarshe ana karɓe binciken daga hannunku, Connor yana da kimanin minti biyar a ɗakin ajiyar shaidu don ya gano maɓoyar kangararru, tsohon jirgin ruwan da ake kira Jericho. Abin da ke rataye a bangon ɗakin shi ne gawarwakin waɗanda ka kama ko ka harbe. Wanda ya yi ta jin ƙai zai tarar da bango kusan fayau, dole ya haɗa amsa daga ɗan abin da ya rage, kuma idan lokaci ya ƙare ba a samu ba, CyberLife za ta kashe wannan Connor ɗin. Haka ma a gidan Elijah Kamski, wanda ya ƙirƙiro mutum-mutumin: ya durƙusar da wata mutum-mutumi mai suna Chloe, ya sa maka bindiga a hannu, ya ce in ka harbe ta zai amsa tambayarka. Amsar ita ce ainihin abin da kake nema. Hank yana gefe yana cewa ka ajiye.

Mutuwar Connor ma an yi mata dabara. Idan ya mutu ana aiko wani sabo da lambar da ta ƙaru da ɗaya a jikin rigarsa, ana dasa kabari a lambun da yake ganawa da mai kula da shi, Amanda. A ido kamar an cire wa mutuwar haƙora. Amma Hank yana gani. Mutumin da ya binne ɗansa mai shekara shida yana kallon abokin aikinsa ya faɗi jiya ya dawo yau ba ko ƙwarzane, kuma kowace dawowa tana ƙara nisanta shi da kai. Idan dangantakar ta lalace sosai, akwai daren da Hank zai ɗora maka bindiga a goshi a bakin kogi ya danna, akwai kuma daren da za ka fita daga gidansa ka ji ƙarar harbi a bayanka da kukan karensa.

A hasumiyar CyberLife, in ka bi hanyar da ta kai can, Connor biyu ne suke tsaye a gaban Hank, kowanne yana cewa shi ne na gaskiya. Sai ya yi tambaya: sunan karena, sunan ɗana. Sunan yaron yana jikin hoton da aka kife a teburin kicin, a daren da ka tarar da Hank a sheme. Wanda ya tsaya ya juya hoton ya san amsa. Awa biyar ko shida ke tsakanin duba hoton da tambayar, kuma babu abin da ya nuna maka a lokacin cewa jarrabawa ce.

Inda abin ya yi sako-sako

Labarin Markus ya fara da kyau. Carl Manfred, tsohon mai zanen da Lance Henriksen ya yi, yana ɗaukarsa kamar ɗa. Da ɗan cikinsa Leo ya zo neman rigima, kana iya ture shi ko ka daure. Ka ture, Leo ya ji mummunan rauni, Carl ya rayu. Ka daure, zuciyar Carl ta buga ya mutu. Ko ta ina 'yan sanda za su harbi Markus ya farka a juji, wato rassan sun koma sun haɗe. Duk da haka ba a yi asara ba, domin can gaba, a daren da komai ya dagule, ko dai ka je ka zauna a bakin gadon Carl ko ka tsaya a kan kabarinsa.

Matsalar tana farawa ne da ya zama shugaba. Daga nan kusan kowace shawara ta koma kan layi ɗaya: lumana ko tashin hankali. Cikin abokan gwagwarmayarsa, North tana jin daɗi in ka fasa, Josh yana jin daɗi in ka sassauta, kibiyoyinsu suna hawa suna sauka kamar sikeli. Sama da su akwai ma'aunin ra'ayin jama'a, kuma da zarar ka lura da shi ka gane amsar da malamin yake so. Lumana tana ɗaga shi, jini yana saukar da shi, kuma mafi kyawun ƙarshe yana rataye da shi. Daga wannan lokaci ka daina tambayar kanka me ya dace, ka koma tara maki. Kwatanta da kashi 89 na Hank: can lambar tana jan ka gefe ɗaya, zuciya tana jan ka ɗaya gefen. Nan lamba da ladan duk hanya ɗaya suke nunawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Gem ne da ya gina kansa a kan 'yancin zaɓi, amma Markus yana 'yanta 'yan'uwansa ta hanyar taɓa su, daga baya ma da ɗaga hannu daga nesa, su kuma nan take su bi bayansa cikin sahu ba wanda ya ce a'a. Kara sai da ta rushe bango da ƙarfin tsiya don ta ceci yarinya. Waɗannan ɗaruruwan an canza musu ubangida ne kawai. Soyayyarsa da North ma haka take, hira ɗaya a kan rufi ta isa ta mayar da su masoya, ko da kuwa ka yi ta saɓa mata tun farko.

Sannan batun aron tarihi. Detroit gari ne mai nauyi a tarihin baƙaƙen fatar Amurka: nan ne zangon ƙarshe na bayi da yawa da suka gudu suka haye kogi zuwa Kanada, nan Martin Luther King ya jagoranci gagarumin tattaki a 1963, nan aka yi tarzomar 1967. Gem ɗin ya ɗebo wannan duka ya yafa wa mutum-mutumi: tsayuwa a bayan bas, taken zanga-zanga, har da sansanonin da ake tara su. Ya ɗauki hoton bai ɗauki nauyin ba. Mutanen garin da suka rasa aikin yi saboda injuna, waɗanda kokensu na gaske ne, an bar su a matsayin masu ihu a bakin titi. Da an ba mai wasa dalili ɗaya mai ƙarfi na jin tsoron nasarar Markus, da zaɓinsa ya yi nauyi ninki biyu.

Wuri ɗaya da ma'aunin jama'a ya biya bashinsa shi ne iyakar Kanada. Kara tana layi, ana auna zafin jikin kowa, ta san za a gane su. Tana iya sadaukar da kanta, ko Luther, mutum-mutumin da ya raka su, ko ta tsaya kawai ta roƙi jami'in da ido. Jami'in zai waiga ya kalli talabijin. Idan abin da ya gani Markus ne da mutanensa tsaye hannu sake ana harbinsu, zai buga hatimi ya ce su wuce. Idan yaƙi ya gani, shi ke nan. Shawarar da ka yanke da wani jarumi, a wani wuri, ita take yanke wa yarinyar hukunci. Kuma kafin ka iso layin ma sai ka yanke ko za ka riƙe tikitin bas da wasu ma'aurata masu jariri suka yar, ko ka mayar musu ka nufi kogi cikin ƙanƙara.

Game da Alice: daga baya ana bayyana cewa ita ma mutum-mutumi ce. An shuka alamu tun farko, ba ta taɓa cin abinci a gabanka ba, Luther ya yi ta ƙoƙarin faɗa. Na fahimci tambayar da ake son jefa wa mai wasa, ko son zai ragu. Amma an biya ta da tsada, domin tambayar da aka fara da ita, ko na'ura za ta iya zama uwa ga 'yar mutum, ta fi ta girma, kuma an jefar da ita.

Taswirar rassa

Ƙarshen kowane babi ana nuna maka taswira: hanyar da ka bi a haske, waɗanda ba ka bi ba a kulle, da kason 'yan wasan duniya da suka yi irin naka idan kana kan intanet. Amfaninta a fili yake. The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, ya yi suna da rubuta cewa wane zai tuna da abin da ka yi, alhali rassansa kusan duka suna komawa wuri ɗaya; ya rayu ne a kan ƙarfin shaƙuwar jarumansa biyu, Lee da Clementine. Detroit yana buɗe maka littafin ajiyarsa ka gani da idonka cewa hanyoyin suna nan. Taswirar babukan ƙarshe sai ka yi ta ja gefe kafin ka ga iyakarta.

Illarta ita ce tana fitar da kai daga cikin labari a daidai lokacin da ya kamata a bar ka da abin da ka aikata. Ka gama kallon mutuwar wani, sai ga akwatuna da layuka suna nuna maka inda ka kauce. The Witcher 3 ya ɓoye nasa: ƙananan abubuwa da ka yi da Ciri, 'yar riƙon jarumin, har da wasan jifa da ƙanƙara, su suke yanke ƙarshe ba tare da an taɓa gaya maka ba. Shawarata a zagayen farko ita ce ka wuce taswirar da sauri, kada ka tsaya karanta akwatunan da ke kulle, kuma kada ka koma baya ko me ya faru.

Abubuwa biyu kuma suna ɓata tsabtar zaɓi. Na farko, amsoshin hira kalma ɗaya ce ko biyu, kamar "gaskiya", "sanyi", "lallashi", kuma wani lokaci abin da jarumin zai faɗa ya yi nisa da abin da ka nufa. Na biyu, a wuraren faɗa da gudu rai yana rataye da saurin yatsa. Kara da Alice suna iya mutuwa a tsallaka babbar hanya don ka danna alwatika maimakon da'ira. Wannan ba shawara ba ce, tuntuɓe ne, kuma baƙin cikin da yake haifarwa na jin haushin hannu ne.

Na'ura, saiti da abin da ke lalacewa

Matakin wahala biyu ne. Mai sauƙin yana rage yawan maɓallan da ake buƙata da yiwuwar rasa jarumi ta kuskuren yatsa, bai taɓa shawarwarin labari ba. Duk wanda bai haddace wuraren maɓallan hannun PlayStation ba, ko wanda Turancinsa yake buƙatar ɗan lokaci kafin ya karanta zaɓi huɗu agogo yana tafiya, ya ɗauki mai sauƙin ba tare da jin kunya ba. Babu Hausa a ciki. Akwai Faransanci da cikakkiyar murya, abin da zai yi wa 'yan Nijar da Kamaru da Chadi daɗi. A kunna rubutun ƙasan allo ko da wane harshe ake ji.

Sandar dama ita ce ta juya kyamara, ita ce kuma ta taɓa abubuwa, don haka a ɗaki mai ƙunci za ka nufi buɗe durowa kyamara ta juya. Maganinsa ka tsaya cak, ka jira alamar ta fito, sannan ka motsa sandar. Riƙe maɓallin R2 yana tsayar da lokaci ya nuna abubuwan da za a iya bincika da launin rawaya. Ka yi haka a ƙofar kowane ɗaki kafin ka taɓa komai, domin wasu abubuwan suna rufe babin da zarar ka taɓa su. Wasu wuraren suna son ka girgiza hannun ko ka shafa faifan taɓawa na tsakiya, saboda haka hannun jabu marar na'urar jin motsi zai iya kashe maka jarumi.

A kwamfuta ana buƙatar wajen 55 GB, RAM aƙalla 8 GB, da katin hoto mai 3 GB da ke ɗaukar fasahar zana hoto ta Vulkan. Laftof mai katin Intel na cikin uwa ba zai ja shi yadda ya kamata ba. Kunnawar farko gem ɗin yana tsayawa ya shirya fayilolin haske da inuwa, a kan tsohuwar na'ura yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo har ka ɗauka ya maƙale. Kada ka kashe, kuma ka sani zai sake yi duk lokacin da ka sabunta direban katin. Ga mai sayen data da awo, faifan PlayStation 4 na hannu ya fi sauƙi, yana aiki a PlayStation 5 mai ramin faifai, kuma labarin ba ya buƙatar intanet. Babu sigar waya. Duk fayil ɗin da aka ce maka Detroit ne na Android, ba daga kamfanin ya fito ba.

Gem ɗin yana adana kansa a zango-zango, ba ka da ikon adanawa da hannu. Idan aka ɗauke wuta za ka koma zangon baya, ba babbar asara ba ce, sai dai babuka uku na ƙarshe dogaye ne kuma a sarƙe suke, gara a shige su da tabbacin wuta na awa uku. Mai son canza wani abu bayan ya gama ya sani cewa komawa babi ɗaya ba ta isa ba: sai ka zaɓi a adana, sannan ka buga duk babukan da ke biye a jere kafin canjin ya isa ƙarshe, kuma ba a tsallake bidiyo. Wannan yana sa zagaye na uku ya zama aiki. Na biyu kuwa ya cancanta, musamman in ka bar Connor ya zauna a matsayin inji har ƙarshe, domin nan ne za ka ga yawan abin da aka rubuta wanda ba ka taɓa gani ba.

Na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, kuma da dalili: dukan yarinya, shan ƙwaya, kisan kai, zagi, da babi guda a gidan karuwai na mutum-mutumi. Ba abin kunnawa a falo gaban yara ba ne. Ga babba mai son labari, ko da bai taɓa riƙe hannun gem ba, ya cancanci kuɗinsa saboda Connor da Hank kaɗai, Kara ƙari ce, Markus kuma a yi haƙuri da shi.

Akwai wata Chloe da ke tarbar ka a allon farko duk lokacin da ka kunna. Tana gaishe ka, tana tambayar ra'ayinka, kuma yayin da labarin yake tafiya fuskarta tana canzawa, murmushin yana raguwa. Bayan ka gama za ta ce tana son ta tafi, ta nemi izininka. Idan ka amince, ta yi godiya ta fita daga allon, wurin ya zauna babu kowa duk lokacin da ka dawo. Daga baya kamfanin ya saki gyara da ke ba ka damar karɓar wata sabuwa a madadinta, saboda mutane sun yi kewar ta. Da sun bar allon yadda yake.